Ɗakin da Joygun Ta Gyara wa Parul

"Riƙe kujerar nan da kyau, Maman Tuhin. In na faɗo ke za ki yi jinyata."

"Ki sauko dai, Yaya. Wace mai naƙuda ce za ta ɗaga kai tana kallon rufi?"

"Ke da kika haihu a ɗaki mai yoyo, ina za ki sani."

Joygun tana tsaye a kan kujerar katako, tana manna furannin takarda a jikin gorar da ta tallafe jinka. Ledojin biskit ne da takardun ganyen shayi da take tsinta a gaban shagon da ke kan jingar kogi. Ta wanke su, ta shanya, ta yanke da almakashi, ta dama ruwan shinkafa mai kauri tana liƙawa. Ni kuma ina riƙe da ƙafar kujera, fuskata daidai ƙafafunta. A ranar na fara lura da su. Sun kumbura har idon sawun ya ɓace. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa, bai taso ba.

"Yaya, tun yaushe?"

"Cire hannunki. Ƙiba ce ta zo mini da tsufa."

Katangar kara ce kawai tsakanin gidana da nata. Da aka kawo ni garin nan amarya, na tarar da ita ta riga ta zama bazawara. Mijinta, Mofiz, ya shiga daji ɗiban zuma tare da mutanen unguwa, damisa ta ɗauke shi a gaban idonsu, abin da aka dawo da shi bai cika ƙyalle ba. Tun daga nan aka ce Joygun farar ƙafa gare ta, ita ta cinye shi. Ba a kiranta biki. Masunta in suka yi karo da ita da safe sai su koma gida su sake fitowa. Dangin mijin suka tura ta ƙarshen unguwa da 'yarta guda, Parul, a filin da gishiri ya riga ya cinye.

Tun da masu kiwon jatan lande suka fasa jinga suka shigo da ruwan teku gonaki, ƙasarmu ta daina haihuwa. Da rani sai ka ga tsakar gida ta yi fari kamar an barbaɗa gari. Joygun ba ta yi gardama da ƙasa ba. Ta tara tsofaffin buhunan siminti, ta riƙa ɗebo ƙasa a ka daga tudun bayan makaranta, ta haɗa da toka da kashin akuya da ruɓaɓɓen ganye, ta jera buhunan a kan gadon gora don kada su taɓa ƙasa. A ciki ta shuka alayyafo, kuɓewa, yalo, barkono. Kabewa ta hau jinka ta rufe ta. Da zogale guda a cikin rabin duro. Kasuwa ba ta ganinta sai don shinkafa da ɗan mai.

Kuma ba ta zubar da komai. Ɓawon kabewa ta yanka shi siri-siri ta soya da barkono. Ganyen kabewa ta naɗe ƙananan kifin da ta kama da gidan sauro, ta tura cikin toka mai zafi. Shinkafar da ta kwana ta zuba mata ruwa, da safe ta ci da ɗanyen barkono da albasa. Matan da ba sa son inuwarta ta taɓa jariransu, su ne suke aiko yara da yamma, a ce a ba su yalo biyu. Tana bayarwa, tana cewa, "Ku ce wa uwarku ta wanke shi sosai, kada farar ƙafar ta bi shi cikin tukunya."

Parul ta yi aure a hayin kogi. Cikinta na farko ya zube. Wannan na biyu ya tsaya, ya tsufa, kuma a al'ada haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi. Shi ya sa Joygun ta tashi gyaran ɗaki. Ta yaɓe bango da laka mai laushi har yana sheƙi. Ta saƙa ragaya da rama, ta rataya ƙananan tukwane. Ta kwance tsofaffin zannuwanta, ta ninka su, ta ɗinke su da zaren da ta zaro daga bakinsu, suka zama ƙananan barguna na jariri. Wani fasasshen madubi da ta tsinta, ta dasa gutsattsarinsa a bango kewaye da taga. In rana ta faɗo da hantsi sai ɗakin ya cika da ɗigo-ɗigon haske.

Lokacin rani ne, ruwan daɗi ya yi wuya. Duk wanda ke da randa yana tattalin abin da ya tara da damina. Joygun tana da manyan randuna biyu a bayan ɗaki. Wata rana na shiga aron wuta, na same ta tana shayar da buhunanta da moɗa daga randa, kaɗan-kaɗan, daidai gindin kowace shuka. Na ji ƙishi, na ɗebi ruwan tulun da take sha, na kurɓa. Sai da na tofar. Ruwan kududdufi ne, wanda ko wanki muke yi da shi sabulu ba ya kumfa.

"Wannan kike sha?"

"Na saba."

"Ma'aikaciyar asibiti ba ta ce jininki ya hau ba? Ba ta ce ki guji gishiri ba?"

"Ta ce. Ita famfo gare ta." Ta ci gaba da zuba wa alayyafo ruwa. "Ni in na sha gishiri ina tashi da safe. Waɗannan in suka sha sau ɗaya sun tafi. Mai jego me za ta ci? Laka?"

Na fara kai mata ƙwarya guda daga randata kullum. Mijina ya gani, ya yi magana, na yi kamar ban ji ba. Daga baya na gane ruwan nan ma buhunan take ba wa.

Surukar Parul ta zo ran wata Juma'a, Maman Sobuj, mace mai jiki, da laima da takalmin roba sabo. Joygun ta tashi tun asuba tana girki. Ta yi yalo gasasshe da ta murje da albasa, ta yi kuɓewa soyayya, romon wake da zogale, ta kuma yanka kabewa mafi girma. Ta kira ni in taya ta zama, don ta ce bakinta ba ya iya magana da masu kuɗi.

Baƙuwar ta ƙi shiga ɗaki. Ta zauna a bakin ƙofa, ta leƙa kai ta kalli rufi.

"Ikon Allah. Ashe shagon biskit kika buɗe."

Joygun ta yi dariya tare da ita. Ta tura mata faranti.

"Bismillah, Maman Sobuj. Duk na gida ne, da hannuna na shuka."

"Na ƙoshi. A jirgin ruwa na ci."

"Ko loma ɗaya."

"Na ce na ƙoshi." Ta gyara mayafi. "Ba zan ɓoye miki ba, Maman Parul, don ba na son a ce na yi munafunci. Yarinyar nan ba za ta zo ba. A wurinmu za ta haihu."

"Haihuwar fari ce fa."

"Waccan ma da ta fari ce. Ta zo nan ta kwana, ta koma, me ya faru? Ni ban ce ke kika yi ba. Allah ne mai yi. Amma ɗana guda ne, kuma mutane suna magana."

Na ce, "Haba Inna, wace macen ce a garin nan ba ta taɓa ɓari ba? Ruwan da muke sha ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma 'yar wa?"

Joygun ta taɓa gwiwata. Ta shiga ɗaki ta fito da bargunan jariri a ninke.

"To ki kai mata waɗannan."

"Mun saya a kasuwa."

Amma da za ta tafi ta tsaya a gindin jinka tana kallon kabewa, ta ce a hayinsu irin wannan ta yi tsada. Joygun ta sa na hau na tsinko mata biyu. Ni na ɗauka mata har bakin jirgi.

Da na dawo na tarar da Joygun a inda muka bar ta, abincin ya huce, ƙuda na bi. Ta ce, "Zauna mu ci. Mai ya shiga cikinsa."

Muka ci. Ta cinye nata tas, ta suɗe faranti.

Na ɗauka za ta bar gyaran ɗakin. Ba ta bari ba. Ta ce mutum yana canza ra'ayi, naƙuda kuma in ta zo yarinya uwarta take kira. Ta ci gaba da yaɓe, ta yi wa gadon gora sabuwar tabarma. Sai dai tafiyarta ta ragu. Fuskarta ta kumbura, tana cewa kanta kamar ana daka a ciki. Na ce mu je babban asibiti, ta ce wa zai shayar da buhuna, kuma jirgi ba kyauta yake ɗauka ba.

Wata rana da hantsi ta faɗi. Na ji ƙarar moɗa a kan duro, na leƙa ta katanga, na gan ta kwance tsakanin buhunan barkono, ruwa na tsiyaya ta gefenta. Bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Na yi ta kira. Maza suna nan a shagon shayi, sun ji, sun taso, suka tsaya a bakin gida suna shawarar wanda zai shiga. Ni da matar liman muka ja ta zuwa ɗaki.

Mai maganin kasuwa ya zo ya auna ta, ya ce ko an kai ta gari wahala ce kawai, a bar ta ta huta. Ya yi mata allura ya tafi.

Ta yi 'yan kwanaki a haka. Ina ɗura mata ruwan shinkafa da cokali, rabi na shiga, rabi na bin wuya. Magana tana fita da ƙyar, sai na kai kunne.

"Kada... a gaya wa Parul. Cikin."

"Na ji, Yaya."

Ban bi maganarta ba. Na ari wayar mijina na kira Sobuj, mijin Parul. Ya ce zai gani. Uwarsa ta karɓi wayar ta ce mai tsohon ciki ba ta haye ruwa, Allah ya ba da lafiya.

Duk sanda aka taɓa ƙofar kara sai Joygun ta juyo da ido. In ta ga ni ce sai ta mayar da shi rufi. Rana ta ƙarshe ta ce in ba ta ruwan randa. Na ɗebo mata cike da kofi. Ta sha kaɗan, ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye.

"Ashe haka yake da daɗi," ta ce.

Ta cika kafin azahar, ina yi mata fifita.

Ni da matar liman da wata tsohuwa makauniya muka yi mata wanka. Maza sun fito sallah, ba laifi, sahu ya yi biyu. An rufe ta a gefen maƙabarta, inda ƙasa ke da ruwa, sai da aka shimfiɗa gora a ƙasan ramin.

Parul ta iso bayan la'asar, an riga an dawo. Sobuj ya tsaya a kan jinga yana kallon kogi, yana cewa ta yi sauri kafin ruwa ya janye jirgi ya kasa tashi. Ta shigo tana dafe da ƙugu, cikin ya sauko sosai. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, daidai inda surukarta ta zauna. Ta daɗe tana kallon cikin ɗakin.

"Gwaggo," ta ce da ni, "duk ita kaɗai ta yi wannan?"

"Ita kaɗai. Shiga mana."

Ba ta shiga ba. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango.

"Ba Inna ce ta hana ni ba," ta ce, tana nufin surukarta. "Ta tambaye ni. Ni na ce ba zan zo ba. Tsoro na ji, Gwaggo. Tun ina ƙarama nake jin ana faɗa, har na fara..." Ta share hanci da bakin mayafi. "Ta sani?"

"Ba ta sani ba. Surukarki take zagi har bakinta ya mutu."

Ta gyaɗa kai. Sobuj ya sake ƙwala kira daga jinga. Na taimaka mata ta miƙe, na raka ta. Ba ta ɗauki komai ba.

Kafin sadakar uku ƙanin marigayi Mofiz ya zo da keken kaya ya kwashe randunan biyu, ya ce gadon ɗan'uwansa ne. Ruwan da ya rage a ciki a ƙasa ya tuntsurar, don su yi sauƙin ɗauka. Matan unguwa suka tsinke yalo da kuɓewa aka yi abincin sadaka, kowa ya ci, aka ce ya yi daɗi. Bayan mako biyu labari ya zo daga hayi cewa Parul ta sauka lafiya, mace.

Da safen da na ji labarin na zagaya gidan Joygun don in ɗauko cokalina da na manta. Ƙofar kara ta faɗi. A madafa na tarar da kazar wani ta shige cikin murhu, ta tone tokar da ta huce, ta yi kwanci. Ta ɗago kai ta dube ni, ba ta tashi ba.