Igiyar Buhun Gwamnati

Kowace safiya, da zarar rana ta ɗago, sai Badaru ya jingina tsani a jikin rumbu, ya hau da ƙwarya a hammata. Ya ture jinka gefe, ya zura rabin jikinsa ciki, ya daɗe yana motsi, sannan ya sauko da ƙwaryar rufe da faifai, yana nishi kamar mai ɗauke da dutsen niƙa. Dangar gidan gajera ce, duk mai wucewa gona yana ganinsa. Cikin ƙwaryar ne kawai ba a gani, kuma babu ko ƙwaya ɗaya a ciki.

Rumbuna uku ne na ƙasa a gidan, manya, tun na mahaifinsa. Dukansu sun ƙare tun kafin ruwan shuka. Wannan kuwa ita ce shekarar da mai ya yi tsada har motocin Ɗanbatta suka riƙa tafiya rabi babu kowa, shekarar da magidanta suka koma cin tafasa da rama ba ƙuli.

To, Badaru ba mutumin da ake jin kukansa ba ne. Ya ga farin da ya kashe shanu har ungulu suka ƙoshi suka daina sauka. Ya ga fara ta cinye gero a wuni guda. Sanƙarau ya kwantar da shi, aka haƙa masa kabari, ya tashi ya je ya leƙa ramin ya ce bai yi masa zurfi ba. Duk Unguwar Ɗinya babu wanda bai haddace wannan labari ba, domin kullum sai ya ba da shi a ƙofar masallaci, ya rufe da cewa, "Ni Badaru, tun da aka haife ni ban taɓa ganin gindin rumbuna ba."

Kulu, matarsa, ita kaɗai ta san gaskiya. Sai dai yunwa ta sa ta yi kuskure guda. Ta je wajen Barira, matar Ɗan Iya, ta roƙi dusa ta ce ta kaji ce. Barira kuwa ta san kajin Kulu sun tafi kasuwa tun da bazara. Kafin la'asar maganar ta kai kunnen mijinta.

Shi Ɗan Iya ɗan marigayi Nababa ne, aminin Badaru. A farin nan da ya kashe shanu, daga rumbun tsakiya aka ciyar da gidan Nababa wata biyar, lokacin Ɗan Iya yana goye. Yanzu ya girma ya yi tumbi, yana bin kansila, kuma shi aka naɗa shugaban kwamitin rabon tallafi.

Ranar da ma'aikata suka zo daga ƙaramar hukuma rubuta sunayen mabuƙata, gari ya taru a gindin tsamiyar mai unguwa. Wata budurwa mai suna Sakinatu ce ke rubutu a wata na'ura mai kama da allo. Badaru ya zo da niyyar ya tsaya a baya, idan mutane sun watse ya raɗa mata sunan Kulu. Ƙafafun Kulu sun fara kumbura, ya gani da idonsa da safe.

Sai yarinyar ta hango shi. "Baba, matso kusa. Akwai abinci a gida?"

Kafin ya buɗe baki Ɗan Iya ya tuntsire da dariya. "Hajiya, kin san wa kike tambaya? Wannan ai Baba Badaru ne mai rumbu uku! Wallahi tallahi cike suke har wuya, na rantse da Alƙur'ani. Baba, gaya mata da bakinka. Ka taɓa ganin gindin rumbunka?"

Kowa ya zuba wa Badaru ido. Mutum ya fi ɗari, har da mata a bayan zana. Badaru ya dubi Ɗan Iya, ya ga idonsa yana wasa, nan take ya gane yaron ya sani. Amma bakin da ya shekara hamsin yana faɗin magana ɗaya ba ya juyawa a gaban tsamiya.

"Ban taɓa gani ba," in ji shi.

"Madalla, Allah ya ƙara rufa asiri," in ji Sakinatu, ta wuce na gaba. A gurbin da ya rage aka rubuta Tasi'u, surukin Ɗan Iya, mai injin niƙa biyu.

Ya koma gida ya tarar Kulu ta riga ta ji labari. Ta ajiye masa kwaɗon tafasa, ta ja ƙafa ta koma ɗaki tana dafa bango. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya zauna ya dubi rumbun tsakiya har kwaɗon ya bushe. Daga ranar ya daina ba da labari a ƙofar masallaci. Mutane suka ce tsufa ne. Ba su san Badaru ba. Mutumin da ya taɓa kwana tara yana gadin ramin gafiyar da ta ci masa gyaɗa, ai ba tsufa ke sa shi shiru ba.

Masarar gwamnati ta zo a babbar mota, aka yi ta ɗaukar hoto. Waɗanda sunansu ya fito suka sami abin da bai fi cikin hula uku ba, sauran gari suka koma da buhunansu a naɗe. Bayan mako biyu sai labari ya bazu cewa masu bincike za su zo daga Kano, za su shiga gidajen 'yan kwamiti ɗaki ɗaki.

Ranar kasuwar Ɗanbatta, da hantsi, gari ya zama babu maza, sai ga Ɗan Iya ya yi sallama. Har ƙasa ya durƙusa.

"Baba, ai ni ɗanka ne."

"Haka aka ce."

"Wata 'yar ajiya ce. Kwana goma kacal." Ya rage murya, ya dubi rumbunan. "Ni da kai mun san akwai wuri. Kuma babu mai leƙa rumbun Baba Badaru. Idan ƙura ta lafa, buhu guda naka ne, Inna Kulu ta sha kunu."

Badaru ya ɓoye fushinsa. Ya yi murmushi irin na tsoho mai jin yunwa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan Nababa. Kawo."

Amalanke ta yi sawu uku, an lulluɓe ta da harawa. Ƙarti biyu daga wani gari suka zura buhu talatin na masarar tallafin, goma a kowane rumbu, suka mayar da jinka.

Washegari Badaru ya hau tsani kamar kullum, amma wannan karon da wuƙa a cikin ƙwaryar. Ya sauka ciki gaba ɗaya. Ya farke cikin buhu na farko kamar mai feɗe rago, masara ta zubo masa har idon sawu, fara tas, tana ƙara. Ya tsaya yana saurare. Ya zare buhun ya naɗe, ya kama na biyu. Kwana huɗu ya yi yana wannan aiki, da shekara tamanin a wuyansa, bai nemi hannun kowa ba. Samarin yanzu ko rumbu guda ba za su gama ba.

Kulu ta tsaya a gindin tsani, tuwon masara ya fara dawo mata da murya.

"Malam, wannan ba cin amana ba ne?"

"Amanar wa? Je ki tambayi ƙafafunki."

"To buhunan fa? Ga tambarin gwamnati ɓaro-ɓaro."

"Bar ni da su."

Badaru bai yi boko ba, bai san me koren rubutun jikinsu yake cewa ba. Amma ya san buhu zare ne aka saƙa, kuma abin da aka saƙa yana warwaruwa. A cikin ɗaki ya zare su sili-sili. Sannan ya fito ƙofar gida ya shimfiɗa tabarma, ya maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafa, ya kama tufka igiya a gaban kowa. Masu bincike suka zo da farar mota, suka wuce ta gabansa, har ɗayansu ya ɗaga masa hannu ya ce sannu da aiki, Baba. Suka duba gidan Ɗan Iya ba su sami komai ba, suka ci kaji suka tafi.

Ranar Juma'a da safe Badaru ya aika Kulu gida gida, duk inda ba a rubuta suna ba. Saƙon ɗaya ne: Badaru ya buɗe rumbu, kowa ya zo da ƙwarya.

Kafin azahar layi ya kai bakin rijiya. Shi da kansa yake kan tsani yana miƙowa, bakinsa kuwa ya dawo.

"Karɓi, Safara'u! Gwamnati ta ba da cikin hula, Badaru yana ba ku cikin ƙwarya. Ja'afaru, matso, wannan kwanon naka na shan magani ne? Koma ka ɗauko babba!"

Ja'afaru ya damƙi masarar ya duba. Ƙasar Unguwar Ɗinya jigawa ce, gero da gyaɗa take yi, masara ko a bayan ɗaki da ƙyar take kai ƙugu.

"Baba, yaushe ka fara noman masara?"

"Tun kana tsotson yatsa. Za ka karɓa ko za ka yi tambaya?"

Ja'afaru ya karɓa. Babu wanda ya sake tambaya.

Ana cikin haka sai ga Ɗan Iya a guje, hula a hannu. Ya kutsa cikin mata har gindin tsani, ya ɗaga kai yana haki.

"Baba, sauko mu yi magana."

"Yi daga nan, ina jin ka."

"Maganar... ajiyar nan ce."

"Ɗaga murya, ɗan Nababa, ga liman nan ga mai unguwa, su ma su ji. Me ka ajiye? A ina ka samo shi?"

Ɗan Iya ya waiga. Idanu sun fi ɗari a kansa, kuma yawancinsu na waɗanda suka koma gida da buhu a naɗe ne.

"Rumbun nan ai... ai babu komai a cikinsa da."

"Af!" Badaru ya dafa ƙirji. "Liman, ba a gabanka yaron nan ya rantse da Alƙur'ani cewa rumbunana cike suke har wuya ba? To yau wanne za mu ɗauka? Rantsuwar ce ƙarya, ko ta yanzu?"

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. "Mun dai ji rantsuwa," ya ce.

Wata tsohuwa ta ture Ɗan Iya da ƙwarya. "Kauce mana, Alhaji. In layi za ka bi, ga ƙarshensa can bakin rijiya."

Ya juya zai tafi, Badaru ya kira shi. Ya sauko daga tsanin a hankali, ya ɗauko wani abu a kan tabarma. Igiya ce sabuwa, kamu goma sha biyu, tufka uku, fara sol, sai ɗigon kore nan da can a jikinta.

"Ungo. Na ga ragonka yana yawo a gonakin mutane. Ɗaure shi."

Ɗan Iya ya dubi koren, ya dubi tsohon. Jama'a na kallo, ba dama ya ƙi kyautar uba. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Ba ka yi godiya ba."

"Na gode, Baba."

Masarar ta kai gari har tumu ya nuna. Ƙafafun Kulu suka saɓe, ta koma zuwa rijiya da kanta. Badaru ya koma ƙofar masallaci da labaransa, an sami ƙarin guda, na shekarar da shi kaɗai ya ciyar da Unguwar Ɗinya da noman hannunsa. Ba a taɓa samun wanda ya musa ba.

Wata safiya bayan an gama girbi, Kulu ta dawo daga rijiya ta sauke tulu, ta ce ta biyo ta ƙofar gidan Ɗan Iya.

"Ragon yana nan a turke," ta ce. "Da igiyarka."

Badaru yana kan tsani, rabin jikinsa a cikin rumbu. Muryarsa ta fito daga ciki tana amsa kuwwa.

"Ai ba za ta tsinke ba. Ni na tufka ta."