Ki Faɗa, Ki Sha Ruwa

Ranar da labarin ya iso, tana ɗakin guga na otal, da zanin gado a hannunta. Ƙanin mijinta ne ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita. Motar da mijin ke tuƙawa ta kife a hanya, ko asibiti bai kai ba.

Rediyo mijin nata yake ce mata, don bakinta ba ya hutawa. Kafin rasuwarsa ya dage sai ta nemi ƙarin albashi. In ya dawo daga aiki sai ya zauna a kujerar roba, ya karkace hula, wai shi ne manaja.

"Malama, nawa kike so?"

Sai ta faɗa, ta ƙara da, "Amma in babu hali, ko rabi ma..."

"Kash, Rediyo! Ke da kanki kin karya farashi. Ki faɗa, ki ɗauki ruwa ki sha. Shirun nan manaja zai dama, ba ke ba."

Da ta koma aiki, albashinta ita kaɗai ya kasa ɗaukar haya. Yayanta ya ce ta tattara kayanta ta dawo gidansa. Ita kuwa ɗakin nan, da ƙusar da marigayin yake rataye hularsa, ba ta jin za ta iya barinsa.

Ta shiga ofishin manaja. Ya yi mata ta'aziyya, ya miƙo ambulan.

"Ga wannan, a rage zafi."

"Na gode, ranka ya daɗe, amma ba shi ya kawo ni ba. Ni ke koya wa sababbi guga, kuma riga ba ta taɓa ƙonewa a hannuna ba."

Ta faɗi abin da take so.

Manaja ya yi shiru yana juya biro. "Ko rabi ma" ya taso mata har kan harshe. Ta buɗe gorar ruwan da ta zo da ita, ta kurɓa a hankali. Fanka na ta ƙara a sama. Ta sake kurɓa.

"Ashe haka kike?" in ji manaja, yana murmushi. Bai ba ta duka ba, amma abin da ya ƙara ya rufe haya.

Ta dawo gida baki cike da labari, babu mai ji.

Har yau in ta dawo daga aiki takan jawo kujerar robar nan, ta zazzage mata labarin wuni kaf. Sannan ta kurɓi ruwa, ta ɗan jira.