Sunan da Ya Ci Alade da Tamfol

Baba ya rasu ya bar jirgin a rumfar bakin ruwa, saura katakan sama da gungumen gefe mai hana shi kifewa. Duk rayuwarsa jiragen mutane yake sassaƙawa, masu su su zo su raɗa musu sunan da suka ga dama, su ɗaga tamfol iska ta tafi da su. Wannan kaɗai ya ce namu ne. Ni da yayata Weda muka ƙarasa shi. Ni ke riƙe gizago, ita ke ɗaure igiya tana toshe kafofi, tana kuma yi mini faɗa. Hannuna bai kai na Baba ba. In ka tsaya ta baya za ka ga katakon hagu ya ɗan karkace, amma dai ya zauna daram.

Saura suna. A wurinmu jirgi ba ya taɓa ruwa sai mai shi ya tsaya a goshinsa ya kira sunan da ƙarfi, maza su amsa, su ja igiya. Sunan da ya shiga ruwa da shi kuma shi ke nan, ba a sakewa. Lokaci yana ƙure mana, don iskar zuwa babban tsibirin Misima ta fara kaɗawa, tukwanen da Inna ta gina sun cika ƙarƙashin ɗaki, doyar da za mu musanyo da su tana can tsallake. Tsibirinmu yashi ne da dutse, abin da gona ke bayarwa ba ya kai mu ko'ina.

Muna ɗinkin tamfol, sabo fil, shuɗi, sai Weda ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Sunan Baba za ka kira."

Allura ta kusa shiga yatsana. Mu 'ya'ya dangin uwa muke bi, don haka sunan Baba ba namu ba ne, na dangin uwarsa ne. Tun ranar da aka binne shi sunan ya fita daga bakinmu da na Inna da na kowa a tsibirin, ban da su masu shi, har sai an yi babban bikin makoki, wanda kan ɗauki shekaru. Wanda ya kira shi kafin nan, alade guda ne tararsa. Bayan bikin kuma su ɗauki sunan su ba wani jariri nasu.

"Yaya, alade ɗaya gare mu," na ce.

"Na san lissafi, Joweli. Ni ke ba shi abinci."

"Mu sa wani mana. Ga sunan tsuntsu, ga na tauraro."

"Tauraro ne ya sare itacen? Tsuntsu ne ya yi ta tari a rumfar nan yana feƙe katako? Nan gaba wani yaro mai majina za a riƙa kira da sunan, mu muna amsa masa da ladabi. Kafin nan ina so ya hau ruwa."

Inna tana gefe tana kankare kwakwa. Kankarar ta ƙara sauri.

Magana ba ta kwana a tsibirinmu. Washegari da hantsi sai ga Baffa Ebenisa, ƙanen Baba, wanda yanzu shi ne babba a danginsu. Ya zagaya jirgin yana tauna buwai, goron tsibirinmu, bakinsa jawur, ya shafa katakon hagu ya yi ɗan murmushi. Ba mugu ba ne. Shi ya koya mini iyo, yana riƙe da ni ta ciki.

"Ɗana, na ji wata magana, na ce ƙarya ce. Joweli da ko kaza ba ya iya kora?" Ya zauna a kan gungume. "Na kawo maka sunaye masu kyau. Ga Salama. Ga Kan'ana. Fasto ma ya ce Kan'ana ya fi."

"Kan'ana uku ne a tsibirin nan, Baffa," in ji Weda daga bayan jirgi. "Ɗaya yana yoyo, ɗaya ya kife."

"Da ƙanenki nake magana, uwar baki." Ya juyo gare ni, ya sassauta murya. "Yayana ne kafin ya zama ubanka. Kana tsammani ni ba na so in ji ana kiransa? Amma in na bar ka, gobe kowa ya ɗauki sunan mamacin wani ya liƙa wa karensa. Mutane ba za su ja maka igiya ba, ka ji na gaya maka."

Na ce na ji. Gaskiya kuwa na ji, don ni ban iya musu da manya ba, kuma abin da ya faɗa ba shirme ba ne.

Ranar sa jirgi a ruwa aka cika bakin teku. Mata sun dafa shinkafa da kifi a ruwan kwakwa, maza sun jera gumagumai daga rumfa har ruwa, suka kama igiya. Ilaita maƙwabcinmu, wanda ba ya ganin abu ya yi shiru, yana ta kiran, "Malam Kan'ana na huɗu, a hau mana, shinkafa tana hucewa!" Sai da na taka goshin jirgin na hango Weda tana fitowa daga bayan ɗaki, tana jan aladenmu da igiya. Ta kawo ta ɗaure a gindin kwakwar da Baffa ke zaune, ta koma gefe ta naɗe hannu.

Na dubi ƙasa. Daidai inda na sa ƙafa akwai sawun gizagon Baba, ƙanana, a jere kamar ɓawon kifi, daga can kuma nawa suka fara, manya, ba tsari. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne sunan Baba, "Sigilu."

A hankali ya fito, yadda nake magana kullum. Na kusa da ni kaɗai suka ji, suka daskare. Baffa ya ji, na ga kunnensa ya motsa. Ya tofar da buwai, ya dubi teku.

"Iska ta yi yawa," ya ce. "Ban ji abin da yaron ya ce ba. Kira sunan jirginka, ɗana, mu ji."

Ƙofa ya buɗe mini, kowa ya gane. Da na ce Kan'ana, da an ja igiya, an ci shinkafa, aladenmu ya koma gida. Sai na ga ba zan iya tsayawa a kan aikin mutum in yi kamar ban kira shi ba. Na cika ƙirji.

"Sigilu! Sunansa Sigilu!"

Inna ta rufe fuska da zane. Igiya ta faɗi a yashi, ba wanda ya ce a sake ta, hannuwa ne kawai suka buɗe. Baffa ya tashi a hankali.

"Na farko na yafe, tunda na ce ban ji ba. Amma yanzu sau biyu ka faɗa, kowa shaida ne. Ga alade ɗaya. Ina ɗayan?"

"Kai ma, Joweli," in ji Weda, "shekara ashirin ba ka magana, yau ka tashi yi sai ka yi ta ninki?"

Wasu suka yi dariya ba da so ba. Baffa bai yi ba. Ya sa 'ya'yan ƙanwarsa suka naɗe sabon tamfol ɗinmu a madadin alade na biyu, suka saɓa a kafaɗa. Mutane suka watse, mata suka bar mana tukwanen shinkafa, don abinci ba ya laifi. Jirgin yana nan a kan gumagumai, mu uku ba za mu iya ko girgiza shi ba.

Weda ta ci shinkafa ta ƙoshi, ta wanke hannu, ta ce, "In ba za a kai shi wurin ruwa ba, sai mu kawo masa ruwan."

Muka fara haƙa rami daga bakin ruwa zuwa rumfa, da ɓawon kwakwa da tsohon kwano. In ruwa ya ciko ya mayar da rabin yashin, in ya janye mu sake kwashewa, mu kafa ganyen kwakwa a gefe don ya riƙe. Rana ta gasa mana baya. Masu wucewa suna kallo ta wutsiyar ido. Ilaita kan tsaya ya ce, "Sannunku da noma! Me aka shuka, kifi?" Rannan dai ya zo ya jefar da shebur ɗinsa kusa da ni, ya ce, "Na manta shi a nan. Shebur ba shi da kunne, ba a cin sa tara." Ita kuwa Inna gida-gida ta bi tana roƙon buhunan shinkafa da aka juye, ta farke su, ta zauna tana haɗawa da zaren kamun kifi. Ba ta taɓa ce mini na kyauta ba. Amma ta daina kirana yaro.

Da sabon wata ya kama, babban ruwa ya zo da safe. Ya bi ramin kamar an kira shi, ya shige ƙarƙashin jirgin. Muka zare gumagumai ɗaya bayan ɗaya, na sa kafaɗa, Weda ta sa tata, sai muka ji nauyin ya bar mu. Ya yi ɗan lilo, ya miƙe. Katakon hagu bai sha ko ɗigo ba.

Muka ɗaga tamfol ɗin buhu, fari da ja, duk hoton shinkafa a jiki, wani a tsaye wani a kife. Yara suka yi ta ihu. Muna cikin loda tukwanen Inna sai ga Baffa yana saukowa, ɗauke da manyan tukwane biyu na matarsa. Jirginsa yana kan gyara, gidansa ma doya ta ƙare. Ya tsaya ruwa iya gwiwa, bai dube ni ba.

"A kai mini waɗannan Misima. Doya, ba rogo ba."

Na miƙa hannu zan karɓa, Weda ta taka mini ƙafa.

"To, Baffa. A wane jirgi za a sa?"

"A wannan mana."

"Jirage uku ne a ruwa, ga Kan'ana can ma yana lodi. Kada mu yi kuskure. Mu kuma ka san bakinmu a ɗaure yake, ba mu da sauran alade. Kai ne mai sunan."

Masu wankin kifi suka tsaya da wanki. Baffa ya dubi Weda, ya dubi buhunan da ke kaɗawa a sama, tukwane suna yi masa nauyi a hannu.

"A Sigilu, marar kunya! A Sigilu za a sa! Sai kin sa na tsufa kafin lokacina."

Na karɓi tukwanen, na shimfiɗa musu busasshen ganyen ayaba a tsakiyar jirgi inda ba sa motsi. Baffa ya dafa gefen jirgin, ya daɗe bai ɗauke hannu ba, sannan ya tura mu.