Makirufo a Ɗakin Suruki

Wakili kaɗai ya rage cikin dattawan da suka san iyakar kowace gona a ƙauyensu na wajen Gatawa. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, ciyawa ta haɗe gonakin suka koma daji ɗaya. Yanzu yana kwance a wani gida a Sabon Birni, muryarsa ta koma raɗa. In ya tafi da abin da ke kansa, ranar da aka koma gida 'yan uwa za su ci wuyan juna a kan ƙasa.

Mijin 'yarsa, Jibrilla, malamin firamare ne, yana da wata tsohuwar laftof da abokinsa Mus'ab na Sakkwato ya sa wa Linux, manhajar nan ta kyauta, don ita kaɗai tsohuwar ke iya ɗauka. Ya aro makirufon masallacin unguwa don ya naɗi bayanin tsohon, ya samo ɗan akwatin sauti da ke haɗa shi da kwamfuta. Kwana biyu yana fama, Mus'ab na turo masa umarni ta waya, yana kwafa harafi bayan harafi, sabis na zuwa yana ɗaukewa. A rana ta uku ya riƙe makirufon a gaban laftof ya ce bismillah, sai koren layin da ke nuna sauti ya motsa. Ya ce to, an gama.

Shekara tara da aure, Jibrilla bai taɓa zama ɗaki ɗaya da surukinsa ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaida shi, kuma ciwon ajali bai isa ya sauya wannan ba. Sai ya ƙara wa wayar makirufon tsawo, ya zauna a tsakar gida da laftof a cinya, matarsa Radiyya ta shiga da makirufon ta kara a bakin mahaifinta.

Fiye da awa ɗaya tsohon yana jero gonaki, daga tsamiya zuwa kwari, daga kwari zuwa tsohuwar rijiya. Hannun Radiyya ya sage, ba ta sauke ba. Jibrilla ba ya jin komai daga waje, amma koren layin na ta rawa, hankalinsa kwance.

Wakili ya rasu ranar Laraba. Bayan sadakar uku Jibrilla ya kunna abin da ya naɗa. Ga kukan akuya, ga dakan maƙwabta, ga tarin shi Jibrilla kansa tangaran. Babu gona ko ɗaya.

Ya kira Mus'ab.

"Ka zaɓi makirufon waje cikin saitin sauti?" in ji Mus'ab.

"Mi za ni zaɓa? Na dai soka shi."

"Ai laftof tana da nata makirufon ciki, Jibrilla. Da shi ta yi ta saurare."

Ya buɗe saitin. Sunaye biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Ya danna na ƙasa, ya hura makirufon masallaci, layin ya harba har ƙarshe. Aikin bai kai ƙiftawa da bismillah ba. Ya jira baƙin ciki ya zo, ko haushi, bai ji komai ba.

Radiyya ta fito ta tsaya a kansa. "Malam, sa mani in ji Baba."

Ya gaya mata yadda aka yi, bai ɓoye komai ba. Ta ce ya sa dai. Ta zauna a ƙasa ta saurari akuyoyi da daka, fuskarta ba ta nuna komai ba. Can wajen minti arba'in, lokacin da mai dakan ta huta, sai wani ɗan tari ya fito daga nesa, siriri, na tsoho.

Ta ɗaga hannu. "Maido shi baya."