Wayar Safiya

Tun da aka tura Likita babban asibitin koyarwa don ta ƙware a fannin yara, sai ta zama uwar 'ya'yan kowa ban da nata. Nata ɗaya ne tilo, ɗan shekara bakwai, tana kiransa Babana saboda sunan mahaifinta ya ci. Ta bar shi wurin Inna, mahaifiyarta, a garin da sai an wuni a mota ake kaiwa. Kewarsa kuwa ba ta sallama in za ta zo. Tana cikin sauraron ƙirjin wani yaro sai ta ga ƙeyarsa irin ta Babana, ta rasa me ma take saurare.

Babana yana fitsarin kwance. Wannan bai tayar mata da hankali ba, don Farfesan da ke koya musu ya nanata darasin har sun haddace. "Yaro ba ya yi da gangan," in ji shi, yana dukan tebur kamar teburin ne ya yi laifin. "Ba duka, ba gori, ba shanya katifa a gaban baƙi. A rage masa ruwa da yamma, ya zaga kafin ya kwanta, ranar da ya tashi a bushe a yaba masa."

Haka ta tsara wa Inna, ta kuma ɗora wa kanta buga waya kowace safiya kafin a fara zagayen marasa lafiya. Tana tsaye a barandar ɗakin yara, ga warin maganin goge ƙasa, ga kukan jarirai, sai ta ce, "Babana, yaya gado?" In ya jiƙe ta ce ba komai. In a bushe yake ta maƙale wayar a kafaɗa ta yi masa tafi. Daga nan sai a shiga labarin kyanwar maƙwabta da haƙorinsa da ke girgiɗi.

A hankali gado ya bushe, har aka cire ledar katifa. Ranar ta ce masa cikin murna, "Ka warke, Babana! Mu a asibiti wanda ya warke sallamarsa ake yi." Jarrabawa ta matso, aiki ya yi mata katutu, wayar safiya ta koma ta ƙarshen mako. Wani makon ma sai dai ta bar wa Inna gaisuwa.

Ana nan sai Inna ta kira. "Angon nan nawa ya koma tsohuwar sana'arsa. Kullum sharkaf. In haka zai riƙa yi min, ni na fasa auren."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta san sauran darasin: yaron da ya daina sannan ya dawo, akwai dalili. Ciwon sukari ne ya fara faɗo mata a rai, don shi ya yi ajalin mahaifinta. Ta dawo da waya kullum. Yana yawan jin ƙishirwa? Ya rame? Yana kukan zafi in zai yi? Ta sa aka kai jini da fitsari gwaji, komai ya fito lafiya lau. Gado dai bai fasa jiƙewa ba, shi kuwa mara lafiyar, muryarsa wasai a waya, kamar wanda aka saya wa keke.

Ta roƙi wata abokiyar aikinta ta riƙe mata ɗakin, ta hau mota. Da ta isa ya ruga ya ƙanƙame ta. Ya ƙara tsawo. Haƙorin nan ya fita, wani ya tsiro a gurbinsa, duk ba ta nan. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, ta dai haɗiye.

Da safe, yana banɗaki, ta shiga ta yaye zanin gadonsa don ta wanke da hannunta. A jiƙe yake. Ta kai shi hanci kamar yadda ta saba yi wa na 'ya'yan mutane. Babu zarni. Ta sake shinshinawa, ƙamshin sabulu kawai ta ji. Hancin Inna dama ya daɗe da ajiye aiki. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, sai ga kofinsa na roba da ɗan sauran ruwa a ciki.

Ya shigo ya gan ta riƙe da kofin, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Babana, me ya sa?"

Ya daɗe yana murza yatsan ƙafarsa a ƙasa. "Umma, ai ke kika ce wanda ya warke sallamarsa ake yi."

Ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar katifar, sanyin ruwan yana ratsa zaninta. Ta binciki jininsa, ta binciki mararsa, amma ko sau ɗaya ba ta tambaye shi ko yana kewarta ba, ita da kewarsa ke hana ta sauraron ƙirjin yara.

"Zo nan," ta ce. "Ba a sallame ka ba. Kullum zan kira."

"Ko gado ya bushe?"

"Ko ya bushe ƙayau."

Ya jingina da ita. "Yaushe za ki koma?"

"Gobe."

Ya miƙo hannu a hankali ya kama kofin.

"To ki bar min shi dai," ya ce, "ko za ki manta."