Itacen Jegon Zuwaira

Shekarar da Bature ya kwashi mazan Giyawa zuwa haƙar kuza, har da mijinta Mainasara, ita ce shekarar da jinin Zuwaira ya ɗauke. Ta haura arba'in ko ɓari ba ta taɓa yi ba, sai ga shi miji na juya baya wata ya mutu, wani ya tsaya, ba ta yi fashin salla ba.

To, mace in ta sa ran haihuwa, aikin farko tara itacen dafa ruwan wankan jego ne. Zuwaira ta yi ta jibgewa a gindin danga har ya fi tsayinta. Duk mai wucewa ya gane, ba sai an faɗa masa ba.

Sai dai cikin nan ya ƙi tasowa. Zafi kan taso mata daga ƙirji ya rufe fuska, ta jiƙe sharkaf tana zaune a inuwa. Ta zagi akuya, ta koma ta yi kuka. Can jini ya leƙo, ya sake ɓacewa. Matan unguwa, da ba su taɓa rasa amsa ba, suka ce kwanciya cikin ya yi, maigida na dawowa zai tashi. Wasu suka ce iskoki ne. Zuwaira ta rasa ta kamawa, tsoro da murna suka cakuɗe mata.

Ran nan Sabuwa ungozoma ta fito daga gidan maƙwabciyarta Kaltume, wadda ta sauka da safe, ita ma miji na can kuza. Zuwaira ta ja tsohuwar ɗaki.

"Inna, duba min. Mi ka hana shi motsi?"

Sabuwa ta daɗe tana lallatsa marar, tana tambayar zafin da gumin. Sannan ta gyara mata zane.

"Ɗiyata, babu kowa ciki. Haila ta ka yi miki bankwana. Hakanan niy yi, hakanan uwakki tay yi."

"To in ya kwanta hwa?"

"Bai kwanta ba, Zuwaira."

Zuwaira ta fito ta tsaya gaban itacen, ba ta san ko ta yarda ba. Jinjirin Kaltume na tsala kuka ta bayan danga, gidan kuwa ko hayaƙi babu. Ta sunkuya ta ɗaura dami na farko da za ta kai wa Kaltume, hawaye na ɗiga a kan igiyar.