Shaidar Malam Ashafa

"Kai ne maƙwabcinsa," in ji likitar, ta juyo da kujerarta wajen Malam Ashafa. "Bango ɗaya ke tsakaninku. Kana jin wani abu daga ɗakinsa idan ya kwanta?"

Malam Ashafa ya dubi Gidaɗo. Gidaɗo yana kallon takalmansa, hularsa a kan gwiwa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa saboda ramar ciwon hanta. Tun da suka shigo ofishin nan na Edgbaston, duk tambayar da matar ta yi masa, amsa ɗaya yake bayarwa. Barci? Alhamdulillahi. Cin abinci? Alhamdulillahi. Mafarki fa? Ai kowa ma yana yi.

Gidaɗo tsohon soja ne a rundunar Birtaniya, ya je Afganistan ya dawo. Da aka sallame shi, sai aka rubuta a takardar sallamarsa cewa larurar ƙwaƙwalwa ce da ya zo da ita tun kafin ya sa kaki, wato haka yake tun asali. Shi kuwa ya ce lafiya lau ya baro Yola, yaƙi ne ya mayar da shi haka, kuma yana so a gyara. Ofishin ƙaramar hukuma mai taimakon irinsu an rufe shi a tsuke bakin aljihun da gwamnati ke yi, lauyan kyauta ya gagara. Da ƙyar wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta samo masa ganin wannan likita, a nan Birmingham.

Malam Ashafa kuwa malamin jami'a ne daga Zariya, ya zo Manchester ƙaro karatu. Shi da Gidaɗo suna zaune a wani tsohon gida a Whalley Range da aka yanyanka flat-flat, bangon da ya raba su katako ne kawai da filasta. Ya sha jin ihu daga ɗakin Gidaɗo cikin dare. Ya sha jin jiki ya faɗo daga gado, ya ji babban mutum yana kuka yana kiran sunan wani. Da safe kuma su haɗu a matakala, a gaisa, a tambayi gajiya da sanyi, kowa ya wuce. Malam Ashafa ko da matarsa Ramatu bai yarda su yi zancen ba.

To yanzu ga baƙuwa da biro a hannu, ga mutumin a zaune. A ce ya buɗe baki ya tona masa asiri a gaban idonsa?

"Ban taɓa jin komai ba," in ji Malam Ashafa. "Mutum ne mai natsuwa ƙwarai. Samun maƙwabci kamarsa sai an tona."

Likitar ta ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Da bai ƙara ba, ta rubuta, ta rufe fayil ɗin, ta yi musu godiya.

A jirgin ƙasa na komawa Manchester, Gidaɗo ya sayo musu shayi. Sai da suka wuce Stafford, gonaki jiƙaƙƙu suna ta wucewa ta taga, sannan ya yi magana.

"Malam, ka rufa mini asiri. Allah ya rufa naka."

"Haba, Soja. Ai hakkin maƙwabtaka ne."

"Haka ne." Ya hura shayinsa. "Sai dai ba don haka na ɗauko ka ba."

Malam Ashafa ya ji kofin ya yi masa nauyi a hannu.

"Ni bakina ba zai iya faɗa ba," in ji Gidaɗo. "Har a gaban madubi na gwada. Shi ne na ce bari in kai mata wanda ya ji da kunnensa."

"To me ya hana ka gaya mini tun a gida?"

Gidaɗo ya yi 'yar dariya. "In ce maka me? Malam, don Allah zo ka gaya wa Baturiya ina kuka kamar jariri? Na zaci mai neman digiri na uku zai gane."

Malam Ashafa bai iya ko murmushi ba.

"Ni kam nawa ya ƙare, likitana bai ɓoye mini ba," in ji Gidaɗo. "Ɗiyata Raki nake ji. Tana can unguwar Sparkbrook a Birmingham wajen uwarta, tana girma. Wata rana wani zai zo neman aurenta, danginsa su yi bincike, a ce ubanta da abin aka haife shi, a jini yake. Ka san mutanenmu."

Ya san su. Shi kansa an taɓa aikensa irin wannan bincike.

Washegari ya buga waya ofishin likitar. Wata murya mai ladabi ta ce rahoton ya riga ya tafi, idan ana son sake ganin likitar sai an shiga layi, layin kuma ya kai bazara. Ƙungiyar sojojin ta ce ya rubuto abin da ya sani. Ya zauna ya rubuta cewa maƙwabcinsa yakan ɗan sami damuwa wani lokaci. Ramatu ta leƙo ta kafaɗarsa ta karanta.

"Malam, wannan ai ni ma ina samunta," in ji ta. "Ba shi muka ji ba."

Ya goge, ya sake, hannunsa ya sake kai shi wuri ɗaya. Ya ce gobe.

Daga nan ya sauya lokacin saukowarsa daga bene. Idan Ramatu ta dama kunun gyaɗa, sai ya ajiye filas ɗin a ƙofar Gidaɗo, ya ƙwanƙwasa, ya yi sauri ya koma kafin a buɗe. Ko da aka kwantar da Gidaɗo a asibiti, sai da Ramatu ta ajiye masa takalmansa a gabansa sannan ya je.

Ya tarar da shi idanu sun yi rawaya, an jona masa ruwa.

"Malam, kana guduna," in ji Gidaɗo a hankali.

"Karatu ne ya yi yawa."

"Kunun Hajiya Ramatu ya fi ka zumunci." Ya lumshe ido. "Zauna. Ba abin da ka yi sai abin da aka koya mana."

Malam Ashafa ya zauna, ya riƙe masa hannu har aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Gidaɗo bai kai Juma'a ba.

An yi zaman makoki a gidan Zinatu, tsohuwar matarsa kuma uwar Raki, a saman wani kanti a Stratford Road, can Birmingham. Maza suka cika ƙaramin falon, mata suna ɗakin ciki, ƙofa a ɗan buɗe. Ana ruwa a waje, motocin bas suna wucewa suna girgiza tagogi. Alhaji Sunusi, dattijon Hausawan unguwar, ya yi addu'a, sannan ya ce, "Mutumin kirki ne, mai haƙuri. Sai dai larurar da Allah ya halicce shi da ita. Allah ya sa kaffara ce."

Aka amsa da amin.

Raki tana tsaye a bakin ƙofa da farantin dabino. Ba ta wuce shekara goma sha uku ba, tana da dogon wuyan ubanta. Hausarta ba ta da yawa, amma ta ji wannan. Ta ajiye farantin a gaban Malam Ashafa, ta yi magana cikin Turancinta na 'yan Birmingham.

"Uncle, kai ne na kusa da ɗakinsa, ko? Da gaske haka aka haife shi?"

Kunya ta taso masa tun daga ƙirji har kunnuwa. Ya ga idanun mutane a kansa. Ya gyara zama, ya fara da Hausa, a hankali, kamar yadda yake yi wa ɗalibai, yana maimaita mata da Turanci. Ya faɗi ihun. Ya faɗi faɗowa daga gado, da kukan, da yadda yakan ji shi yana jan jiki a ƙasa.

Alhaji Sunusi ya taɓa masa hannun riga. "Malam, mamaci ai suturta shi ake yi."

"Na suturta shi, Alhaji, a inda bai kamata ba," in ji Malam Ashafa, bai ɗago kai ba. "Raki, akwai sunan da yake kira kullum. Davou. Yana ce masa ya kwanta ƙasa, ya kwanta ƙasa."

Daga bayan ƙofa muryar Zinatu ta fito. "Abokinsa ne, ɗan Jos. Tare suka tafi, shi bai dawo ba. Kafin tafiyar nan, idan Baban Raki ya kwanta sai na yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba. Malam, mutanen ƙungiyar sun ce ana iya ci gaba da maganar ko bayan ransa, idan da shaida. Za ka faɗa musu kamar yadda ka faɗa yanzu?"

"Zan faɗa, Hajiya."

Alhaji Sunusi ya ci gaba da jan carbinsa. Raki ta dubi ƙafafun Malam Ashafa, ta ga safarsa ta jiƙe da ruwan hanya. Ta jawo 'yar hitar ɗumama ɗaki da ke lungu, ta juyo da ita wajensa, sannan ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta rungume gwiwoyinta.